Gidan yarin Holloway na Landan da matan gwagwarmayar da suka kwana a cikinsa: tambayoyi da amsoshi

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa bibiyar labarin yadda matan Birtaniya suka ƙwaci 'yancin kaɗa ƙuri'a to ba makawa ya ci karo da sunan Holloway, don kusan duk wata fitacciya a cikinsu sai da ta ɗanɗana zaman gidan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, wasu amsar gajeriya ce, wasu kuma sai an yi haƙuri don labarin ba ya taƙaituwa.

Wai ina ne Holloway ɗin, kuma yaushe aka gina shi?

A arewacin Landan yake kafin a rushe shi, yankin Islington, kan titin Parkhurst. 'Yan Arsenal ku ne maƙwabtansa, daga filin Emirates ko da ƙafa mutum zai iya takawa ya isa wurin. Hukumar birnin Landan ce ta gina shi aka buɗe a 1852, kuma wanda ya zana ginin, James Bunning, bai yi shi kamar gidan yari ba, sai ya kwaikwayi tsohuwar fadar Warwick, ga hasumiya ga ƙatuwar ƙofa, har mutanen unguwar suka riƙa ce masa fadar Holloway. A bakin ƙofa an girke gumakan wasu dodanni biyu masu fukafukai riƙe da makulli. A jikin dutsen harsashin ginin kuma aka rubuta addu'a, wai Allah ya tsare birnin Landan ya kuma sa wurin nan ya zama abin tsoro ga masu aikata ɓarna. Tun daga ƙofa ke nan an gaya maka abin da ake nufi da kai.

Tun farko na mata ne zalla?

A'a. Shekara 50 na farko a gauraye yake, maza, mata, har da yara, kuma maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. Marubucin nan Oscar Wilde ma a nan aka ajiye shi a 1895 yana jiran shari'a. Sai da aka rufe tsohon kurkukun Newgate a 1902 sannan aka kwashe mazan aka bar wa mata gidan. Daga nan ya zama duk macen da kotunan Landan da kewaye suka tura gidan kaso, Holloway za ta. Zuwa lokacin da aka rufe shi babu gidan yarin mata da ya kai shi girma a duk yammacin Turai, yana ɗaukar mata wajen 500.

To su waye 'yan gwagwarmayar da suka sa ya yi suna haka?

Matan ƙungiyar WSPU ne, mai fafutukar nema wa mata ƙuri'a, wadda Emmeline Pankhurst da 'ya'yanta suka kafa a Manchester a 1903. Kafin su an shafe shekaru kusan 40 mata suna rubuta takardun koke suna kai wa majalisa, ana karɓa ana musu murmushi ana jefawa a kwandon shara. Su kuma suka ce magana ta ƙare sai aiki. Suka fara katse ministoci a tsakiyar jawabi, suna kutsawa harabar majalisa, suna ɗaure kansu da sarƙa a jikin shingen ƙarfe. Daga 1906 aka fara kai su Holloway, kuma dabarar da suka ɗauka ita ce in alƙali ya ce ko tara ko ɗauri, sai su ce ɗaurin muke so, saboda tara in ka biya shi ke nan magana ta mutu, amma ɗauri gobe yana shafin farko na jarida. Zuwa 1914 an ɗaure mata sama da 1,000 a faɗin ƙasar kan wannan batu, kuma kaso mafi tsoka a Holloway suka yi zamansu.

Kuma fa sun iya tallata abin. Ranar da za a saki mace, tun da sassafe 'yan uwanta suna bakin ƙofa da furanni da 'yan badujala, a ɗora ta a keken doki a zaga gari da ita a kai ta walimar karin kumallo. A 1909 Sylvia Pankhurst, 'yar Emmeline, wadda dama mai zane ce, ta tsara wata 'yar lamba da ake maƙala wa duk wadda ta yi zaman gidan, mai siffar ƙofar majalisa da kibiyar nan da ake bugawa a jikin kayan fursuna, da launukan ƙungiyar, shunayya da fari da kore. Abin da gwamnati ta yi don ya zama abin kunya sai ga mata suna yawo da shi a ƙirji.

Me ya kai su ga yajin cin abinci?

Rigimar matsayi ce. A lokacin fursunoni aji uku ne. Ajin farko kana sa kayanka na gida, ana kawo maka abinci daga waje, kana karatu da rubutu, ana ziyartarka. Aji na biyu da na uku kuwa kayan fursuna ne masu kaushi da zaman kaɗaici da aikin ɗinki, ba magana da kowa. Matan suka ce mu ba ɓarayi ba ne, fursunonin siyasa ne, a sa mu ajin farko, gwamnatin Firaminista Asquith ta ce sam.

Wadda ta fara ita ce Marion Wallace Dunlop, wata mai zane. Laifinta shi ne ta buga wani sashe na dokar 'yancin 'yan ƙasa ta 1689 da tawada a bangon wani zaure na majalisa, aka ba ta wata ɗaya. Ran 5 ga Yulin 1909 ta ce ba za ta ƙara sa komai a baki ba, kuma ba shugabannin ƙungiya ne suka sa ta ba, ita ta yanke wa kanta. Aka yi lallashi, aka riƙa ajiye mata abinci mai ƙamshi a ɗaki, ta ƙi. Bayan awa 91 hukuma ta tsorata kada ta mutu a hannunsu, suka buɗe mata ƙofa. Ai kuwa sauran suna jin haka suka ce ashe ga makullin gidan nan.

Ɗurar da ake cewa an yi musu, yaya ake yin ta?

Mai raunin zuciya ya tsallake nan. Gwamnati ta ga in ta ci gaba da sakin duk wadda ta ƙi cin abinci to ɗaurin ya zama wasa, sai a watan Satumban 1909 aka fara ɗura a kurkukun Winson Green na Birmingham, daga baya abin ya zama ruwan dare a Holloway. Gandirobobi mata huɗu ko biyar ko fi za su shigo su danne mace a kan kujera ko gado, wata ta riƙe kai wasu hannuwa wasu ƙafafu, likita ya zura tiyon roba ta hanci har ciki, ko kuma a sa wani ƙarfe tsakanin haƙora a murɗa shi har baki ya wage a zura ta maƙogwaro, sannan a kafa mazurari a sama a tsiyaya madara da ɗanyen ƙwai. Sau da yawa ana zare tiyon sai amai ya biyo. Dasashi ya fashe, haƙora su karye, hanci ya yi ta jini, kuma da yamma a sake dawowa. Waɗanda ke ɗakunan gaba suna jin ihun yana matsowa ƙofa bayan ƙofa har a zo kansu, da yawa cikinsu sun rubuta cewa wannan jiran ya fi ɗurar kanta azaba.

Lilian Lenton a 1913 tiyon ya kauce ya shiga hanyar numfashi, abincin ya zuba a huhu, da ƙyar ta sha. Kitty Marion sau 232 aka yi mata a ɗauri guda a 1914. Emily Davison, wadda ke zaman wata shida saboda cinna wa akwatunan wasiƙa wuta, a watan Yunin 1912 ta faɗo da kanta daga saman bene a cikin gidan, ta ce ta yi ne ko mutuwar mutum ɗaya za ta sa a daina azabtar da sauran, ragar waya da aka shimfiɗa a tsakani ce ta tare ta amma ta ji ciwo a kai da gadon baya. Ita ce shekara guda bayan haka ta shiga gaban dokin Sarki George na Biyar a sukuwar Epsom ran 4 ga Yunin 1913, ta cika bayan kwana huɗu. Ƙanwar Emmeline Pankhurst kuwa, Mary Clarke, an sake ta daga Holloway a Disambar 1910, kwana biyu tsakani ta rasu ranar Kirsimeti.

Likitoci sama da 100 sun sa hannu a takardar ƙorafi zuwa ga firaminista tun a 1909, amma ma'aikatar cikin gida ta tsaya kan cewa wai jinya ce ake yi musu don ceton rai. Da ɗan majalisa Keir Hardie ya tayar da maganar a majalisa wasu 'yan majalisar dariya suka yi.

Kowa haka aka yi mata, ko a nan ma akwai 'yan gata?

Akwai mana, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin gidan nan gaba ɗaya. Wadda ta tona asirin ita ce Lady Constance Lytton. Ubanta ya taɓa zama wakilin sarauniya mai mulkin Indiya, ɗan uwanta yana majalisar dattawan sarauta. Da aka kai ta Holloway a farkon 1909 sai aka kwantar da ita a ɓangaren asibiti aka ce zuciyarta ba lafiya, ta yi ta roƙo a kai ta cikin sauran fursunoni aka ƙi, har ta kai ga ta fara tsaga rubutu a fatar ƙirjinta da wani tsinke, ta samu ta yi harafin V, farkon kalmar Votes wato ƙuri'u, kafin a gane. A watan Oktoba aka sake kama ta a Newcastle, ta shiga yajin cin abinci, likita ya duba zuciya ya ce a sake ta, alhali talakawan da aka kama ana can ana musu ɗura.

Abin ya tsaya mata a rai. A Janairun 1910 ta yanke gashinta, ta sa tabarau da wasu kaya marasa fasali, ta tafi Liverpool ta ce sunanta Jane Warton, tela ce. Aka kama ta a zanga-zanga aka kai ta kurkukun Walton. Zuciyar nan dai ita ce, ciwon bai je ko'ina ba, amma ba wanda ya tsaya auna ta kafin a fara, aka yi mata ɗura sau takwas, likitan har marinta ya yi. Sai da aka fara zargin ko wace ce sannan aka sake ta a gurguje. Ta fito ta ba da labari da bakinta, gwamnati ta rasa ta cewa. Lafiyarta ba ta dawo ba, shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 1912, ta rasu a 1923.

Ita kanta Emmeline Pankhurst duk yajin da ta yi ba a taɓa yi mata ɗura ba. A 1912 da suka nufo ɗakinta ta ɗaga tulun ƙasa ta ce duk wanda ya shigo za ta kare kanta, suka ja da baya. Jarumta ce ba shakka, amma da wata ma'aikaciyar masaƙa ce ta ɗaga tulun nan, ni dai ban ga alamar za a ja da baya ba.

Mece ce dokar kyanwa da ɓera?

Laƙabi ne da matan suka yi wa wata doka ta watan Afrilun 1913, zamanin Reginald McKenna yana ministan cikin gida. In mace ta yi yaji har ta galabaita sai a sake ta na 'yan kwanaki ta je gida ta farfaɗo, kwanakin nan ba a lissafa su cikin wa'adinta, da ta ɗan yi ƙwari 'yan sanda su sake cafko ta. Emmeline, da aka yanke wa shekara uku kan bam ɗin da aka tayar a gidan da ake gina wa ministan kuɗi Lloyd George, haka ta yi ta shiga da fita, har ta kai ana ɗauko ta a kan gadon marasa lafiya zuwa wurin taro. Dokar ba ta yi aikin da aka so ba don matan da yawa in an sake su sai su yi ɓad da kama su ɓace, ƙungiyar har ta kafa rundunar mata masu gadin shugabanni da aka koya wa kokawar jujitsu.

Tsakani da Allah, su matan nan ba su yi laifi ba?

Sun yi, kuma bai kamata a shafa wa labarin mai ba. A watan Maris na 1912 sun fito da guduma a ɓoye cikin kaya suka farfasa gilasan manyan kantunan Landan, aka kama sama da 200. Daga nan abin ya wuce gilashi, aka shiga ƙona gidajen da ba kowa a ciki, da tashoshin jirgin ƙasa, da coci-coci, ana zuba sinadari a akwatunan wasiƙa, ana dasa bam, har bangon Holloway ɗin kansa sai da aka tayar wa bam a Disambar 1913. Mary Richardson ta shiga gidan adana zane-zane na ƙasa a 1914 ta sassara wani shahararren zanen Velázquez da wuƙar fawa. Shugabannin sun ce dukiya suke hari ba rai ba, to amma ma'aikatan gidan waya sun ƙone a hannu, kuma wanda ya dasa bam ba shi ke zaɓar wanda zai wuce ba. Akwai kuma babbar ƙungiyar Millicent Fawcett da ta fi su yawan mambobi nesa, wadda ba ta taɓa fasa ko kofi ba, kuma har yau masana tarihi suna gardama kan wace ce ta fi kawo nasarar. Laifinsu dai bai halatta tiyo a hanci ba, abu biyu ne daban.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a Agustan 1914 aka yi musu afuwa aka sake su duka. A 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin dukiya ƙuri'a, mata miliyan 8 da 'yan kai, sai 1928 aka daidaita su da maza a shekara 21. Emmeline ta rasu makonni kaɗan kafin a sa wa wannan dokar hannu.

Ba wani abin dariya ko kaɗan a zaman nasu?

Akwai. Bayan kamen 1912 gidan ya cika maƙil da su har dokar hana magana ta gagara aiki. Ethel Smyth, babbar mai tsara kiɗa, tana cikin waɗanda aka ɗaure, wani abokinta ya zo ziyara ya tarar mata suna maci a tsakar gida suna rera waƙar da ta tsara wa ƙungiyar, ita kuma ta leƙo ta taga tana ba su amo da buroshin goge baki.

'Yan sanda kuma suna son hotunansu don rabawa masu gadin gidajen tarihi, su kuma in an kawo kyamara sai su sunkuyar da kai ko su yamutsa fuska. Sai aka koma ɗaukarsu a ɓoye daga nesa lokacin da suke shan iska a tsakar gida. Akwai hoton Evelyn Manesta da gandiroba ya shaƙo wuyanta ta baya don ta tsaya, da aka zo wanke hoton sai aka goge hannun aka mayar da shi kamar gyale ta yafa. Tun 1913 ke nan fa, ba kwamfuta ba komai.

Da gaske ne wata ta ci zaɓe tana cikin kurkukun?

Ƙwarai. Constance Markievicz, 'yar gwagwarmayar 'yancin Ireland, wadda aka taɓa yanke wa hukuncin kisa kan boren Dublin na 1916 aka sassauta saboda mace ce. A watan Mayun 1918 aka sake kama ta bisa zargin wai 'yan jam'iyyarta ta Sinn Féin suna haɗa baki da Jamus, aka kawo ta Holloway tare da Maud Gonne da Kathleen Clarke, ba tuhuma ba shari'a. Tana ciki aka yi zaɓen Disambar 1918 ta lashe mazaɓar St Patrick's ta Dublin, ta zama mace ta farko da aka taɓa zaɓa zuwa majalisar wakilan Birtaniya. Ba ta je ta zauna ba, don jam'iyyarta ba ta yarda da yi wa sarkin Ingila mubaya'a ba. Da aka sake ta a Maris 1919 sai ta zama ministar ƙwadago a gwamnatin da 'yan Ireland suka kafa wa kansu. Shi ya sa za ka ji ana cewa Nancy Astor ce ta farko, ita ta fara zama a kujerar ne, amma ba ita aka fara zaɓa ba.

Sylvia Pankhurst ma ta koma gidan a 1921, wata shida, wannan karon kan rubuce-rubucen gurguzu a jaridarta. Ita ce daga baya ta tsaya wa Habasha tsayin daka lokacin mamayar Italiya, ta ƙaura can a 1956, ta rasu a Addis Ababa a 1960 aka yi mata jana'izar ƙasa.

Ke nan duk 'yan siyasar da aka tsare a can masu neman 'yanci ne?

Ina! A 1940 an tsare matan jam'iyyar fasist ta Birtaniya a ƙarƙashin dokar tsaro ta 18B, babbarsu Diana Mosley, matar shugaban jam'iyyar Oswald Mosley, wadda aka ɗaura aurenta a gidan Goebbels, ministan farfagandar Hitler, a Berlin a 1936 Hitler na cikin baƙi. An kama ta tana da jariri ɗan makonni. Amma duba yadda gata ke aiki, a ƙarshen 1941 aka kawo mata mijinta daga kurkukun Brixton aka ba su wani ɗan gida a cikin harabar Holloway, suna girkinsu suna noman kayan lambu, har ana ba su fursunoni suna musu aikace-aikace, aka sake su a Nuwamban 1943 mutane suka fito zanga-zangar ƙin amincewa. A wannan shekarar ta 1940 kuma gidan ya karɓi matan da suka gudo daga Jamus, da yawansu Yahudawa, da aka tsare a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba kafin a wuce da su tsibirin Man, wato wanda ya gudo da mai goyon bayan wanda ya koro shi a gida ɗaya.

Wani abin mamakin, Norah Elam ta yi zaman Holloway a 1914 a matsayin 'yar WSPU, ta dawo a 1940 a matsayin 'yar fasist. Mary Richardson mai wuƙar fawa ma jam'iyyar Mosley ta shiga na wani lokaci.

An taɓa rataye mata a can?

Mata biyar. Amelia Sach da Annie Walters a 1903, kan kashe jariran da ake ba su riƙo a biya su. Edith Thompson a 1923, wadda saurayinta ne ya daɓa wa mijinta wuƙa amma aka haɗa da ita saboda wasiƙun da ta rubuta masa, shari'ar da har yau ake cewa an zalunce ta. Styllou Christofi 'yar Cyprus a 1954, kan kashe matar ɗanta. Sai Ruth Ellis ran 13 ga Yulin 1955, 'yar shekara 28, da ta harbe saurayinta David Blakely, ita ce mace ta ƙarshe da aka rataye a Birtaniya. Shekara 10 bayan nan aka dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai.

Bayan yaƙin duniya na biyu an ci gaba da kawo 'yan gwagwarmaya?

An ci gaba, sai dai abin da ake faɗa a kai ya canza. Masu adawa da makaman nukiliya irin su Pat Arrowsmith sun sha shiga. A 1972 aka ɗaure Anna Mendelssohn da Hilary Creek shekara goma-goma kan bama-baman ƙungiyar 'yan juyin-juya-hali ta Angry Brigade. Sai matan Greenham Common, da suka kafa sansani a 1981 a bakin wani sansanin sojan sama don hana girke makamai masu linzami na Amurka, ranar sabuwar shekarar 1983 su 44 suka haura shinge da tsani suka hau kan rumbunan makaman suna rawa, da yawansu suka samu kwana 14 a Holloway. A 1996 kuma aka tsare Róisín McAliskey, 'yar Bernadette Devlin, tsohuwar 'yar majalisa daga Ireland ta Arewa, tana da ciki, kan zargin harin ƙungiyar 'yan tawayen Ireland ta IRA a Jamus, ta haihu tana tsare, a ƙarshe ba a miƙa ta ga Jamus ɗin ba.

To sauran fursunonin fa, waɗanda ba 'yan siyasa ba?

Yawwa, su ne ai masu gidan, 'yan siyasa baƙi ne masu wucewa. A zamanin su Pankhurst yawancin matan ciki an kawo su ne kan maye, karuwanci, bara, ƙananan sata, ko sun kasa biyan tarar 'yan sulalla, su yi kwana bakwai ko wata guda su fita su dawo. Babu mai jiransu da furanni a ƙofa. Shekara 100 bayan haka hoton bai canza sosai ba, sata a kanti, ƙwaya, bashi, taɓin hankali, da matan da su kansu an daɗe ana dukansu a gida.

Tsakanin 1971 da 1985 aka rushe tsohuwar fadar aka sake gini da jan bulo, wai za a yi shi kamar asibiti don a lokacin tunanin hukuma shi ne macen da ta yi laifi maras lafiya ce. Sai ginin ya fito da lunguna da kwana-kwana da gandiroba ba ya iya hango abin da ke faruwa, ɓangaren masu taɓin hankali da ake kira C1 kuwa ya yi ƙaurin suna wajen mata masu yi wa kansu rauni. A Disambar 1995 babban sifeton gidajen yari David Ramsbotham ya zo duba gidan, abin da ya gani na ƙazanta da ɓeraye da kyankyasai da mata a kulle kusan awa 23 a rana ya sa ya kwashe tawagarsa ya fice bai gama ba. Wata guda bayan haka gidan talabijin na Channel 4 ya nuna hoton da aka ɗauka a ɓoye na wata fursuna mai ciki ɗaure da sarƙa a asibitin Whittington inda aka kai ta haihuwa, ministar gidajen yari Ann Widdecombe ta fara da kare tsarin, surutu ya yi yawa dole aka canza dokar. Ƙungiyar Women in Prison da ke fafutuka har yau, wata tsohuwar fursunar gidan ce, Chris Tchaikovsky, ta kafa ta a 1983.

Akwai abin da ya haɗa gidan da mu nan?

Akwai, ko da yake ba mai daɗi ba ne. Daga shekarun 1980 zuwa na 2000 an tsare 'yan Najeriya da 'yan Jamaika da yawa a can, galibi matan da aka ba ƙwaya su kai aka kama su a filin jirgi, aka yanke musu shekaru masu yawa, 'ya'yansu na gida ba su ma san inda suke ba. Saboda irinsu ne Olga Heaven ta kafa ƙungiyar da aka sani da Hibiscus, mai sada su da iyalansu.

In kuma ana maganar mace ta sha ɗauri don neman ƙuri'a, ba sai mun je Landan ba, Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU an ɗaure ta har sau 16, kuma matan Arewa ba su samu ƙuri'ar ba sai 1976.

Me ya sa aka rufe shi, kuma me ke wurin yanzu?

Ran 25 ga Nuwamban 2015 ministan kuɗi George Osborne ya sanar a majalisa cewa za a rufe shi a sayar da filin a gina gidaje, ya ce ginin bai dace da zamani ba. Ministan kuɗi ne fa ya sanar, kuma fili ne mai eka 10 a cikin Landan, kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ana cikin shirin kwashewa, a Janairun 2016, wata baƙar fata 'yar shekara 32 mai fama da taɓin hankali ta mutu a ɗakinta tana jiran rahoton likita da zai nuna ko za ta iya fuskantar shari'a, kuma binciken da aka yi daga baya ya samu gazawa babba wajen kula da ita.

Zuwa tsakiyar 2016 an kwashe kowa, yawanci zuwa gidajen yarin Downview da Bronzefield a Surrey, wajen gari. Masu fafutuka da suka shekara suna cewa a rufe gidan ba su yi murna ba, don ba rage ɗaure mata aka yi ba, nesanta su aka yi, uwar da 'ya'yanta ke hawa bas ɗaya su zo ganinta yanzu sai an yi kuɗin jirgin ƙasa an ɓata yini, ga ƙungiyoyin agaji da suka kafu a kewayen gidan duk an bar su a baya. A watan Mayun 2017 matan ƙungiyar Sisters Uncut suka mamaye ɗakin baƙi na gidan na mako guda suna neman a mayar da filin na amfanin mata da talakawan unguwa. A 2019 kamfanin gidaje na Peabody ya saye shi kan fam miliyan 82 da taimakon rancen ofishin magajin garin Landan, a 2022 aka amince da tsarin gina gidaje 985, kashi 60 cikin 100 masu rangwame, an rushe ginin kurkukun, kuma an ware wani sashe na cibiyar mata, wanda masu fafutukar suka ce ya yi ƙanƙanta, su gini guda mai zaman kansa suka nema ba ƙasan benen wasu ba.